TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 14: Zawarci da Biro

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wancan makon mun tsaya inda na dawo gidan Baffa, Auta a baya, takardar saki a jaka. To a nan ne Goggo ta fara maganar nan tata da har gobe ba ta bar raina ba, wai "bazawara mai 'ya'ya biyu miji take nema ba biro ba." Kuma gaban kowa fa, har ranar sunan ɗan Yaya sai da ta maimaita mata na ta dariya.

Lokacin na koma karatu, wata malamarmu ta sa mu karanta Beloved na Toni Morrison, turancin ya ba ni wuya wallahi amma labarin ya hana ni barci, don tushensa gaskiya ne, wata baiwa ce Margaret Garner ta gudu daga jihar Kentucky ta Amurka a 1856, da aka cim mata sai ta kashe 'yarta don kar a mayar da yarinyar bauta. Ni kuma ina shayarwa, ku ƙiyasta.

Shi ne na bi tarihin ita marubuciyar, Toni Morrison. Ashe 'yar mai walda ce, a Lorain ta jihar Ohio aka haife ta 1931. Aurenta ya mutu a 1964 ga ɗa ga ciki, ta kama aikin edita a kamfanin buga littattafai na Random House, sai ta tashi tun kafin asuba ta yi rubutu yara na barci. Littafinta na farko bai fito ba sai 1970 tana da shekara 39, a 1993 ta zama baƙar mace ta farko da ta ci lambar yabo ta Nobel ta adabi, kuma har ta mutu a 2019 ba ta sake aure ba. To Goggo ina mijin? Ni dai ban ce kar a yi ba, na yi nawa na biyu, za mu zo wajen.

Haka ni ma na fara rubutu, ina idar da sallah in jawo fitilar caji da ragowar littattafan makarantar Abba. Wata rana na tarar Goggo ta yagi babi guda ta hura murhu da shi, tace ai ta ɗauka shara ce, miji dai take so in nema.

Ita ɗin ce da littafina ya shiga kasuwa ta aiko a ba ta biyu za ta nuna a Islamiyya. Ɗaya na ba ta kyauta, ɗayan sai da ta biya.