Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ƙwaryar Kindirmon Inna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wancan makon mun tsaya a daren da muka dawo daga biki a Kurna, inda na ci haɗin latas da dafaffen ƙwai da aka yanka tun hantsi aka bar shi a buɗe cikin zafi har bayan la'asar, ƙudaje na ta sauka a kai. To daga nan zan ɗora.

Wajen ƙarfe biyun dare cikina ya fara murɗawa kamar ana matse wanki, kafin asuba na zaga ya fi sau bakwai ga amai ga zazzaɓi, ƙafafuna har rawa suke. Gari na wayewa maigida ya ruga kemis ɗin bakin layinmu, yaron shagon ko tambayar me na ci bai yi ba ya ƙullo Flagyl da kafso ja da yalo a leda yace a sha safe da rana da dare. Kwana uku na ji sauƙi na ajiye. Bayan sati ɗaya abu ya dawo, aka sake sayowa, na sake sha na sake ajiyewa, haka muka yi ta yi kusan wata biyu wallahi har ya zama ko ruwan shayi na sha sai ciki ya ɗau kuka, kumburi, iska, bakina ɗaci, zoben aurena ma ya fara zamewa daga yatsa. Dangin miji suna ta murna a ɓoye wai ƙila laulayin ciki ne, ni kuwa na san ba shi ba ne.

Allah ya kawo ƙanwar maigida hutu daga Zariya, tana karanta ilimin ƙananan halittu a ABU. Ranar da ta ga tarin fankon magani a kan madubina sai ta riƙe baki tace, "Anti, duk wannan ke kika shanye? Ai kin yi wa cikinki gobara." Washegari ita ta ja ni asibiti, aka yi gwajin bayan gida da na jini, likita yace in tsayar da duk wani maganin kemis, ya bani ORS in riƙa jiƙa ƙulli ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta ina kurɓa. Sannan yace in nemi yogot ko kindirmo mai kyau in dinga sha kullum.

A adaidaita sahu muna dawowa na ce mata ni fa ban gane ba, mai gudawa kuma a ce ya sha nono? Nan ta warware min, kuma har yau ban manta ba dan da misalin unguwa ta yi min. Tace hanjin mutum gari ne guda, akwai ƙwayoyin bakteriya tiriliyoyi a ciki, mafi yawansu 'yan gida ne ba masu cutarwa ba. Su suka cika ko ina a jikin bangon hanji, dan haka in baƙo irin su Salmonella ya biyo ƙwai ko kaza ya shigo, ko mugun nau'in E. coli ya biyo ganyen da aka wanke da ruwan kwata, sai ya tarar babu wurin zama, abincin ma 'yan gida sun riga shi cinyewa. Wasunsu irin su Lactobacillus suna juya sukari ya koma tsami, tsamin nan kuma baƙin basa jin daɗinsa, wasu har wani sinadari suke fitarwa da ke kashe abokan gaba kai tsaye, suna kuma zaburar da garkuwar jiki ta farka. Shi kuwa maganin da nake ta ɗirka bai san na gida ba bai san baƙo ba, duka yake sharewa, sai unguwa ta zama kango, duk ɓarawon da ya zo ya shiga ba mai ce masa kai. Masu amfanin nan in an ci su da rai a abinci ko a kafso su ake kira furobayotik.

Ta kuma ce min maganar ba sabuwa ba ce. Wani masani mai suna Metchnikoff da ya yi aiki a cibiyar Pasteur ta birnin Paris, wanda ya ci kyautar Nobel a 1908, shi ya yi ta jan hankalin duniya kan manoman Bulgeriya masu yawan shan nono mai tsami, sunan ƙasar ma aka sa wa ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ake kaɗa yogot da su, ake ce mata bulgaricus. Ni dai a raina na ce to ai Innarmu ta daɗe tana wannan aikin bata san sunansa ba.

Aka yanke shawara in je gida in huta, ƙauyenmu ta wajen Ɗambatta. Inna, kakata ta wajen uwa, tana ganina ta kama haɓa tace, "Ke 'yar nan, haka birnin ya tsotse ki?" Da yamma bayan an tatso shanu na zauna kusa da ita a gindin murhu ina kallo, abin da na gani sau dubu tun ina yarinya amma ban taɓa lura ba. Ta tace madarar da farin ƙyalle, ta ɗora a wuta sai da ta tafaso ta taso, ta sauke ta bar ta tana hucewa, can ta ɗiga kaɗan a bayan hannunta ta ji ɗumin ya yi daidai, sannan ta ɗauko ludayi ta ɗebo ragowar kindirmon jiya ta zuba ta juya sau biyu kawai. Ta juye a ƙwaryar da ta sha wanki ta sha rana, ta rufe da faifai, ta tura ƙuryar ɗaki tace kar wanda ya taɓa. Na ce Inna me ya sa ba kya zubawa da zafinsa? Tace, "Kashe shi za ki yi, ai abu ne mai rai." Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, dan kusan kalmar da ƙanwar maigida ta faɗa kenan. Da safe aka buɗe faifai ga shi ya kwanta luf, ka sa ludayi ya yanku, ƙamshi mai ɗan tsami-tsami.

Kullum safe da yamma ƙaramin koko guda nake sha, wani lokacin da fura wani lokacin zalla. Ba zan ce rana ɗaya na warke ba, a hankali ne, sati na biyu kumburin ya sauka, na uku na cinye tuwon dawa da miyar kuka ban zaga ba.

Amma dan Allah ku fahimce ni da kyau, dan wannan wurin yana damuna. Na Inna ya yi min amfani ne saboda ta tafasa madarar kuma ba a ƙara masa ruwa ba. Nonon da ba a dafa ba yana iya ɗauko cuta daga saniyar kanta, har da tarin fuka na shanu, wanda kuma aka tsinka da ruwan rafi aka kaɗa masa kuka dan ya yi kauri zai iya zuba miki irin cutar da kike gudu. Koko da kunu ma duk da kamu yana da tsami, tafasasshen ruwan damu ya riga ya kashe ƙwayoyin. Kuma in taifot ce ko kwalara, ko kika ga jini a bayan gida, ko yaro idonsa ya faɗa, ba zancen kindirmo ake ba, asibiti za a nufa da ORS a hannu. Ja da yalo ɗin nan ma ashe ba a haɗa shi da madara, hana shi aiki take, ni kuma da shayi mai madara na yi ta kora shi ba wanda ya gaya min.

Ranar da zan koma Kano Inna ta zuba min ludayi biyu na kindirmonta a 'yar roba ta ɗaure da leda, tace in fara nawa da shi kar in bari ya wuce kwana biyu. Na rungume shi a cinya har Kofar Ruwa. Sati mai zuwa in sha Allahu zan baku labarin yadda tukunyar farko ta tsinke min, da yadda maƙwabciyata ta zama mutum ta farko da ta sayi kindirmona.