Mun gode, mutanen Rikkos da maƙwabta

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an buga ƙusa ta ƙarshe, an share ɗakin karatun yaran ƙungiyarmu da iska ta ɗauke wa rufi, bencina sun koma mazauninsu. Ba zan sake ba da labarin iskar nan ba, kun ga hotuna, wasunku ma a tsakar gidajenku kuka tsinci kwanonmu. Jikina duk tsami yake yi, murya ta dishe, amma in na ce sai na huta zan yi godiya, to sai dai bayan Sallah.

Masu kira suna tambayar yaron da katako ya faɗo wa a goshi, ya warware. An cire zaren ɗinki, har ya koma tsokanar ƙannensa.

Kuɗin kwano ya dame ni, amma iyaye ne suka hana ni barci. Tun ranar 12 ga Yulin 2024 da ginin makaranta ya rufta kan ɗalibai a Busa Buji, rayuka 22 suka salwanta, babu uwa a garin Jos da za ta ji an ce rufi ya faɗo kan yara ta tsaya tambayar yaya aka yi. Mu nan Rikkos kuma ambaliyar 2012 ba ta fita ranmu ba, har yau in hadari ya haɗu ta wajen Lamingo sai ka ji kowace mace tana ƙwala wa nata kira. Ranar da iska ta ɗauke rufinmu na ga mata a guje cikin ruwa, wata ko mayafi babu, kowacce ta fizgi ɗanta ta wuce, ba wadda ta dube ni. Ban ga laifinsu ba. A raina na ce shi ke nan, ƙungiyar nan ta mutu, wa zai sake turo mana ɗansa?

Mahaifin yaron da ya ji ciwo direban Keke ne, kuma duk layinmu an san shi da zafin zuciya. Da Alhamis ta zagayo, ina tsaye cikin ɗakin da babu rufi ina tsince littattafan da suka jiƙe, sai na ji tsayuwar Kekensa. Gabana ya faɗi. Na gyara mayafi, na shirya shan zagi. Ya shigo riƙe da hannun yaron, bandeji na nan a kansa, ɗaya hannun kuma leda ce cike da ƙusar kwano. Ya ajiye a gabana ya ce, "Malama, wannan raunin likita ya ɗinke. In ya koma zaman ƙarƙashin gada da yaran can, wa zai ɗinke mini?" Ya juya wajen ɗan ya ce, "Kai, taya Malama kwashe takardu." Ko sannu ban iya ce masa ba. Na zagaya bayan ɗaki na yi kukan da na riƙe tun ranar da abin ya faru.

Wanda ba ɗan Jos ba zai iya cewa ya cika baki. Mu mun san 'yan dabar Sara-suka, mun san shekarun yaran da ake ja ciki. Tun 2018 gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin, amma ka bi bayan kangwaye ka ga kwalabe, ga tiramol, ga sholisho. Shi ya sa muka zaɓi Alhamis da Juma'a don karatun yaran, ranakun da babu Islamiyya, lokacin da yaro ke ajiye jakar boko ya fice, uwa na tsammanin yana gidan maƙwabta. Washegarin zuwan bawan Allahn nan, iyaye suka fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya. A gindin bishiya muka yi karatun makon.

An ce kada in kira sunan kowa, kuma na san wasu za su ji kunya. Ku yi haƙuri, sai na nuna ku.

Baba kafinta na Unguwar Rukuba. Duk wanda ya san yadda garin nan ya rabu tun rikicin Satumbar 2001 ya san ba ƙaramin abu ba ne mutum ya ɗauko zarto da guduma da yaran shagonsa ya tsallako unguwarmu da sassafe, ya kai yamma a kan tsani. Shi ya gano mana inda matsalar take: tsohon rufin aza shi kawai aka yi a kan bulo, ba a ɗaure katakon da ƙarfe ba, iska na shiga ta taga ta ɗaga shi kamar faifai. Yanzu kowane katako an naɗe shi da rodi an kafe cikin gini. Masu ɗakin karatu irin namu, don Allah ku sa a hau a duba naku kafin damina ta yi nisa. Da aka zo sallamarsa ya ce ruwan shayin da ya sha ya isa, jikarsa ma wata malama ce ke koya mata karatu kyauta a can wajensu.

'Yan katako na kasuwar Katako da suka yi mana ragi har na ji nauyin karɓa. Masu walda na Dilimi da suka haɗa mana tagogi. Maman 'yan biyu mai ƙosai, wadda ta ciyar da ma'aikata daga jarinta, ta kuma yi mini tsawa da na ɗauko maganar kuɗi. Matan adashinmu, musamman wadda kwasarta ce ta zo, tana da bikin 'ya a gaba, ta ce a sa a rufi. Mai unguwa da liman da suka yi sanarwa bayan sallar Juma'a. Ɗaliban Jami'ar Jos da 'yan hidimar ƙasa masu koyar da lissafi da Turanci, su suka shanya littattafai shafi-shafi a kan tabarma. Da kocinmu, wanda ya kwashe manyan yaran zuwa fili don kada su watse. Kowannensu gani yake shi ne Ahmed Musa na gobe, tun da shi ma a garin nan aka haife shi, amma dokar koci tana nan: wanda bai gama aikin gida ba ba ya taɓa ƙwallo.

'Yan'uwana na Abuja, na ga saƙonninku a WhatsApp, hotunan hannu biyu a ɗage sun iso lafiya. Na san aiki ya yi yawa, hanya kuma ba daɗi. Allah ya kai mu bikin watan gobe, na san can za mu haɗu.

Ya Allah, duk wanda ya ba da ƙusa ɗaya, ko kofin ruwa, ko ya riƙe tsani, ka rufa masa asiri duniya da lahira. Ka raya masa zuri'a, ka tsare masa su daga miyagun abokai. Wanda ke da mara lafiya ka ba shi sauƙi, wanda bashi ya yi wa katutu ka warware masa. Ka jiƙan yaran Busa Buji da waɗanda ruwa ya tafi da su, ka ba iyayensu haƙuri. Ka zaunar mana da Filato lafiya, kada 'ya'yanmu su ga abin da muka gani. Amin summa amin.

Za mu koma karatu ranar Alhamis bayan la'asar. Lissafin duk abin da aka tara da yadda aka kashe yana manne a ƙofa, kowa ya zo ya duba. Daga yanzu in hadari ya taso za mu sallami yara da wuri, iyayen ƙanana su kasance cikin shiri. Har yanzu ajin 'yan mata na ranar Juma'a ba shi da mai koyar da kimiyya, wadda duk ke da awa biyu ta same ni a ɗakin.