Layi ɗaya, kwamfuta biyu

Asabar, 22 ga Maris, 2003, Kano

Sha ɗaya na dare ta gota. Yatsuna ciwo suke, gwiwoyin wandona duk ƙura, amma abin da na yi mako biyu ina cika baki a kansa ya tabbata: tsohuwar kwamfutar ɗakinmu na samari ta shiga intanet alhali ba a jona mata layin tarho ba. Bari in rubuta yadda aka yi tun kafin in manta, don idan ta lalace gobe ni ɗin dai za a kira.

Tun ƙarshen Disamba da malaman jami'a suka shiga yajin aiki duk muna gida, kuma duk idonmu na kan kujera ɗaya, wadda ke gaban kwamfutar Abba a falonsa. Ita kaɗai ce mai modem, na'urar da ke shigar da kwamfuta intanet ta layin tarho. Da can da sauƙi, don Abba kan duba wasiƙunsa ya tashi. Amma tun ranar Alhamis da Amurka da Birtaniya suka auka wa Iraƙi, ya kafa sansani a wurin. Rediyo a kunnensa na hagu, shafin BBC a gabansa, yana jiran hoton Bagadaza ya sauko layi-layi daga sama kamar ana saƙar tabarma. Yaya kuwa tana jiran amsar wasiƙar neman ƙaro karatu da ta aika, ni kuma, in faɗi gaskiya, hira ce kawai nake so in yi a Yahoo Messenger. Jiya da daddare na ce wa Abba akwai hanyar da kwamfutoci biyu za su sha daga layi ɗaya. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To Injiniya, nawa za ta ci?" Idan Abba ya kira ni Injiniya ba yabo ba ne.

Da safe na hau acaɓa zuwa Sabon Gari. Abu biyu nake nema: katin sadarwa da zan cusa a cikin tamu kwamfutar, don ta Abba ta zo da nata, da kuma doguwar wayar da za ta taso daga falo, ta bi ta baranda, ta shiga ɗakinmu. Na auna da igiyar shanya tun jiya, mita ashirin da ɗoriya. Na samu katin Realtek na hannu. Na ce wa mai shagon wayar kuros nake so, wato mai haɗa kwamfuta da kwamfuta kai tsaye, ya ce ya gane, ya matsa mata kai biyu ya naɗe ya miƙo mini. Ban duba ba. Zafin Maris ya riga ya fara dukan ƙeya, hankalina na kan komawa gida.

Saka katin bai ba ni wahala ba, illa ƙurar hunturu da na tarar ta yi gado a cikin akwatin. Windows 98 ta ga katin, ta nemi direbansa, wato 'yar manhajar da ke sa shi aiki, ta nemi faifanta na asali, ta ce a sake kunna ta, sannan ta sake cewa a sake kunna ta. Wannan halinta ne, mun saba. Na ja wayar ta ƙarƙashin ƙofa, na bi gindin bango ina kafa ƙananan ƙusoshi, Auta na riƙe mini guduma tana tambayar ko wasiƙa ta cikin wayar nan za ta riƙa tafiya. Na jona kai biyun. Ya kamata ɗan koren fitilar da ke bayan katin ya kama. Shiru.

A nan na ɓata kusan awa biyu ina zargin wanda bai ji ba bai gani ba. Na cire katin na canza masa rami, na goge direba na sake sakawa. Na buga winipcfg, umarnin da ke nuna lambar kwamfuta a kan haɗi, sai ga lamba mai farawa da 169.254, wadda kwamfuta ke laƙaba wa kanta idan ta yi sallama ba wanda ya amsa. Bayan azahar na haƙura na tafi wurin abokina mai gyaran kwamfuta da wayar a hannu. Ko zama bai ce in yi ba. Ya haɗa kai biyun wuri ɗaya, ya ɗaga su sama wajen haske, ya yi dariya.

"Mutumina, miƙaƙƙiya aka ba ka. Dubi launukan, jerinsu iri ɗaya ne nan da nan."

Bayanin da ya yi mini ya fi na littafi shiga kai. A cikin wayar akwai siraran wayoyi takwas, amma huɗu ne ke aiki a irin wannan haɗin. Ta 1 da ta 2 su ne bakin kwamfuta, ta 3 da ta 6 su ne kunnenta. Idan akwai akwatin rabawa a tsakiya, wanda suke kira hob, shi ke juya zancen, sai miƙaƙƙiyar waya ta wadatar. Idan kuwa kwamfuta da kwamfuta ne kai tsaye, miƙaƙƙiya baki take haɗawa da baki, kunne da kunne, kowa na magana ba mai saurare. Ya yanke kai ɗaya, ya musanya masu ruwan lemo da masu kore, ya ba ni abin matsewa ya ce in koya. Sai da na lalata kai uku kafin na huɗu ya zauna. Ya ce kuɗin ukun yana bi na bashi.

Da na dawo na jona, fitilar ta kama nan take. Ban san ɗan haske kamar ƙwayar gero zai iya faranta wa mutum rai haka ba.

Saura ɓangaren Abba, kuma sai da na jira ya tafi sallar la'asar sannan kujerar ta samu. Tasa Windows XP ce. A cikin saitin haɗin tarhon akwai wurin da Microsoft ta kira Internet Connection Sharing, da 'yan akwatuna uku da ake sa wa alama. Na farko ya ba sauran kwamfutocin gida izinin bi ta wannan layin. Ina taɓa shi ta gargaɗe ni cewa katinta zai koma 192.168.0.1. Daga nan ta zama uwar ɗaki: ita ke raba wa na ƙasa da ita lamba, ita ke karɓar saƙonsu ta fita da shi da sunanta, idan amsa ta dawo ta san ta wane ne ta miƙa masa. Kamfanin da muke sayen awoyi a wurinsa kwamfuta ɗaya kawai yake gani. Na ruga ɗakinmu, na sa tamu ta saki tsohuwar lambar ta nemi sabuwa, sai ga ta da 192.168.0 a gaba. Na gaya wa Internet Explorer kada ta ƙara yunƙurin buga waya da kanta. Na koma falo na danna.

Kukan modem ɗin nan, wanda ke farawa da ƙit-ƙit na lambobi ya koma tsuwa ya ƙare da shuuu kamar ana zuba tsaki a tukunya, yau ya fi kullum daɗi. Karo na farko layin kamfanin a cike, kuskure mai lamba 676. Na biyu ma haka. A na uku ta shiga, ta rubuta 33.6. A jikin kwalin modem ɗin 56 aka rubuta da manyan baƙaƙe, amma tunda aka saye shi layinmu bai taɓa kai mu can ba. Na ƙwala wa Yaya kira. Ta zauna a ɗakinmu, ta buɗe Hotmail, shafin ya fito. Har guɗa Auta ta yi.

Murnar ba ta kai magariba ba.

Abin da ban gaya wa Abba jiya ba, don ni ma ban zauna na lissafa ba, shi ne rabawa ba ta ƙara komai. Kilobit 33.6 a daƙiƙa bai wuce kilobayit huɗu da 'yan kai ba. Abin da zai cika faifan filofi ɗaya sai ya ci minti shida yana sauka, idan kai kaɗai ne a kan layin. Yanzu mun zama biyu a kan wannan 'yar ƙoramar. Kuma kwamfutar Abba ba alƙali ba ce, ba ta cewa kai rabi ke rabi, wanda ya fi zari shi ke kwashewa. Yaya ta samu wasiƙa mai ɗauke da fom, ta danna saukewa. A falo hoton Abba ya tsaya cak a daidai rawanin wani mutum, fuskar ta ƙi fitowa.

"Injiniya!"

"Na'am Abba."

"Da ina jira minti ɗaya, yanzu ina jira uku. Wannan ne cigaban?"

Na ce fom ɗin Yaya ne, yanzu zai gama. Ya ce da can idan wani na kan intanet yana ganinsa da idonsa, ya ce masa tashi. Yanzu kuwa ana cinye masa layi daga bayan bango. Ban da amsa, don gaskiyarsa ce. Rigimar kujera na kashe, na haifar da wadda ba a ganin mai laifi.

Ana cikin haka Umma ta ɗaga kan tarhon ɗakinta za ta kira ƙanwarta a Zariya. Ta ji ƙara a kunnenta ta ajiye da sauri, amma aikin gama ya gama, layin ya yanke. Fom ɗin Yaya ya kai kashi tamanin da wani abu, ya tafi a banza. Da mutum ɗaya Umma ke katsewa, yau ta katse biyu da hannu ɗaya. Ta ce ita fa tarho don magana aka sa shi a gidan nan, tun safe duk wanda ya kira mu zai ji layi a cike, in da rasuwa aka yi ma ba za mu ji ba. Abba ya ce ai ga wayar salula. Ta ce a kira Zariya da salula, kuɗin minti nawa ke nan? Aka bar zancen a nan.

Abin da ya fi tsorata ni ya faru ne bayan isha'i. Muna cin tuwo a tsakar gida, ba kowa a falo, sai muka ji modem ya fara kuka shi kaɗai. Abba ya ajiye cokali. Ashe akwati na biyu ne cikin ukun nan, wanda na sa wa alama ban karanta da kyau ba: duk lokacin da wata kwamfutar gida ta nemi intanet, ta Abba ta buga waya da kanta. Na bar Messenger a buɗe a ɗakinmu, shi ne yake ta neman hanya. Mu kuwa sau biyu muke biya, awoyin kamfanin intanet daban, kuɗin kiran tarho daban. Da tsakar dare abin ya faru, da sai dai mu ga sakamako a takardar kuɗin wata. Na wanke hannu na je na cire alamar, na cire ta ukun ma, wadda ke ba na ɗakinmu ikon kunnawa da kashewa, na kuma sa layin ya yanke kansa idan ya yi minti biyar ba a taɓa shi ba. Abba na tsaye a kaina har na gama. Ya sa na nuna masa wurin sau biyu.

Dokokin da aka yanke a kan tabarma: daga magariba zuwa isha'i layin na Umma ne. Ba mai sauke abu mai nauyi sai ya leƙa falo ya faɗa. A ɗakinmu a kashe hotuna a burauza, rubutu ya ishe mu. Wasiƙa a rubuta ta tukuna kafin a buga waya, kamar yadda nake rubuta wannan yanzu. Yaya ta samu fom ɗinta a karo na biyu, wajen ƙarfe goma, Abba na zaune ya harɗe hannu yana jiran ta gama.

Ɗazu na ji ya tura kujera baya. Na leƙa na ce Abba don Allah a bar ta a kunne, minti goma kawai, in aika wannan. Idan tasa ta mutu tamu ba ta da hanyar fita, ko da fitilarta na ci. Ya ce wutar ma ba ta da tabbas, batirin UPS ɗin da ke riƙe kwamfutar idan an ɗauke wuta kuma ba na wasa ba ne. Ya duba agogo, ya ce biyar.