Abin da Na Koya Wajen Bin Tarihin Gidan Chatsworth

Lokacin da nake karatu a Sheffield aka ba ni aikin rubuta tarihin gidan Chatsworth da zuriyar da ta mallake shi, na kuwa fara da kuskuren da har yanzu nake jin kunyarsa. Ganin masu gidan suna riƙe da sarautar Duke ta Devonshire, sai na duƙufa nemansa a yankin Devon, can kudu maso yammacin Ingila, alhali gidan yana Derbyshire, kusa da inda nake zaune. Ashe a wurinsu sunan sarauta ba lalle ne ya nuna mazaunin mai ita ba.

Jerin sunaye ma bai fisshe ni ba, domin bakwai na farko da suka riƙe sarautar duk sunansu William Cavendish, har na riƙa jingina wa jika aikin kakansa. Sai da na bar sunaye na bi sawun dukiya sannan labarin ya miƙe. Tushen gidan mace ce, Bess ta Hardwick, wadda ita da mijinta Sir William Cavendish suka sayi filin a 1549 kan fam 600. Aure huɗu ta yi, kowanne ya ƙara mata arziki, kuma a hannun mijinta na ƙarshe aka tsare Sarauniya Maryamu ta Sikotilan, wadda ta yi zaman ɗauri a gidan fiye da sau ɗaya. Ginin da ake gani yau kuwa an fara shi ne a 1687, a zamanin wanda ya zama Duke na farko a 1694.

Da na je da ƙafata na ga abin da takarda ba ta nuna mini ba. Ƙauyen Edensor da ke kusa da gidan, wanda na ɗauka a wurinsa yake tun azal, tayar da shi aka yi aka sake gina shi inda ba za a hango shi daga gidan ba, kuma a ganina wannan ya fi duk zane-zanen bango bayyana ƙarfin ikon masu gidan. Akwai kuma maɓulɓular ruwan da Joseph Paxton, shugaban masu kula da lambun gidan, ya gina a 1844 domin tarbar Sarkin Rasha Nikolas na Ɗaya, baƙon da bai zo ba.

Shekarar da na fi daɗewa a kanta ita ce 1950, da Duke na goma ya rasu kwatsam, gwamnati ta nemi harajin gado na kashi 80 cikin ɗari. Magajinsa ya sayar da filaye, ya miƙa wa gwamnati kayan tarihi masu daraja da wani gidan nasu mai suna Hardwick Hall, domin Chatsworth ya tsira. Tun 1981 wata gidauniya ce ke kula da gidan, iyalin suna biyan kuɗin hayar sashen da suke zaune, kuma kuɗin tikitin da na biya a ƙofa yana cikin abin da ake gyara rufin da shi.