Manhajar albashin da muka aro da abin da ta jawo mana ana saura kwana huɗu sallah

Har yau in na tuna satin nan sai in ji gabana ya faɗi, duk da an kwana biyu, kuma duk da cewa in aka sake tambayata gobe zan sake cewa a aro kar a sayi sabuwa.

Lokacin SFTAS ne, shirin nan na Bankin Duniya da aka fara a 2018, dala miliyan 750 da jihohi za su samu in sun cika sharuɗɗa, ciki har da haɗa albashi da BVN da ɗaukar hoton yatsu don a tace ma'aikatan bogi. Ma'aikatan jiha aka fi nufi amma a wajenmu sai aka ce a haɗa har da na ƙananan hukumomi, ni kuma ina sashen kwamfuta na ma'aikatar da ke kula da su. A lokacin albashin nan duk a Excel yake, kowane ma'aji da nasa fayil a filashi.

'Yan kwangila uku suka zo da farashin da in ka ji sai ka dafe kai, ga kuɗin lasin duk shekara. Ni na tashi a taro na ce akwai wata jiha a kudu da ta riga ta biya an gina mata irin wannan manhaja, kuma asalin rubutun manhajar mallakinsu ne ba na kamfani ba, na san shugaban sashensu tun wani bita da muka haɗu a Abuja. Babban sakatarenmu ya rubuta wa nasu takarda, suka ba mu kyauta. Saba, wato babbar kwamfutar da manhajar za ta zauna a kai, kawai muka saya sai kuɗin jirgi da masaukin yaron da ya zo ya koya mana. Canza tambari da jadawalin matakan albashi da alawus duk bai ɗau lokaci ba.

Abin da ban yi ba shi ne ban zauna na karanta dokokin da aka dasa a cikinta ɗaya bayan ɗaya ba. Akwai wata doka a ciki, in gurbin BVN ɗin mutum babu komai to sai ta duba sunansa da sunan mahaifinsa da ranar haihuwa, in suka zo ɗaya da na wani sai ta ɗauka mutum ɗaya ne ke cin albashi biyu, ta riƙe na dukansu ba tare da ta tambayi kowa ba. A can inda aka gina ta dokar tana da ma'ana. A nan fa? Mu da a ƙaramar hukuma ɗaya za ka tara masu suna Muhammad Abubakar su cika aji, kuma manyanmu da yawa ba su da takardar haihuwa sai ta rantsuwa a kotu, wadda ake rubuta 1 ga Janairu a wuce wajen. Abin da ke raba mutanenmu shi ne suna na uku, sunan gari ko laƙabi, shi kuma mun zuba shi a gurbin da dokar ba ta ma kallo.

Wani yaro a ofis ɗinmu ya ce min yallaɓai mu bar tsohon tsarin da sabon su yi tafiya tare wata biyu muna gwada baucan kowanne. Na ce babu lokaci. Gaskiyar magana so nake a ga aikin kafin babbar sallah, kuma na gwada da sunayen ma'aikatan ofis ɗinmu guda ashirin komai ya fita daidai, to mu duk BVN ɗinmu na ciki, ta ina dokar za ta tashi? Wannan shawarar ta yaron ita ce ke hana ni barci.

Alat ya fara shiga ana saura kwana huɗu sallah. Kafin azahar waya ta ta ɗau zafi. Sama da mutum ɗari ba su ga komai ba, kuma ba daraktoci ba ne, masu gadi ne da masu shara da leburori da ma'aikatan ƙananan asibitocin ƙauye, su ne waɗanda fom ɗin BVN ɗinsu bai iso mana ba. Washegari wani dattijo mai gadin makaranta ya zo da ɗansa, ya tsaya a bakin ƙofa ya cire hula ya ce ɗana, an ce wai ni mutum biyu ne, shekara talatin ina aikin nan ni kaɗai ne. Na ce Baba ka yi haƙuri laifinmu ne ba naka ba. Ya ce to ragon fa? Wallahi ban sami abin ce masa ba.

Gano matsalar bai kai awa uku ba, amma sakin kuɗin sai da aka yi sabon bauca aka bi sa hannu tebur tebur, ga hutu ya shiga. Kwana tara. Sallah ta wuce su ba ko sisi.

Daga nan masu son a ba da kwangila suka samu abin faɗa, a gaban kwamiti wani ya kalle ni ya ce ai kayan aro ba ya rufe katara. Abin ya ɓata min rai sosai don ba aron ne ya cuce mu ba, ko sabuwa aka saya ɗan kwangila da irin wannan dokar zai zo in ba wanda ya zauna ya faɗa masa yadda sunayenmu suke. Ku dubi IPPIS ma, manhajar albashin ma'aikatan tarayya, tun 2007 gwamnatin tarayya ke amfani da ita, da aka ce a jawo jami'o'i ciki ƙungiyar malaman jami'a ASUU ta yi ta kukan cewa manhajar ba ta san malamin da ya tafi hutun bincike ko mai koyarwa na ziyara a wata jami'ar ba, aka yi ta rigima har da yajin aikin wata takwas a 2022, ƙarshe a Disambar 2023 aka amince a fitar da su. Tsarin da aka ɗinka wa wani dole sai ka gwada a jikinka kafin ka fita da shi.

In za ka aro, kar ka tsaya a tambayar me manhajar ke yi, ka ce su nuna maka duk abin da take yankewa da kanta ba da izinin mutum ba, musamman riƙe kuɗi da cire suna da ritaya. Ka yi gwaji da bayanan ƙaramar hukumar da ta fi kowacce hargitsi, ba na abokan zamanka ba. Kuma don Allah kar ka kunna sabon tsarin albashi a watan sallah ko azumi, ko waye ya matsa maka.

Mun gyara dokar, yanzu alama kawai take sawa sai mutum ya duba fayil da hoto kafin a taɓa albashin kowa, kuma da BVN da NIN take tantancewa ba da suna ba. Har yau ita muke amfani da ita ba mu taɓa biyan lasin ba. Watan jiya wata hukuma a jihar ta aiko tana so, na ce zan ba su amma sai sun sa hannu za su yi wata biyu ana tafiya da tsohon tsarin tare. Daraktansu yana ta cewa ba su da lokaci, ni kuma ban saki ba tukuna.