Godiya bayan dawowar Inna gida

Alhamdulillahi, jiya da la'asar muka sauka a filin jirgin saman Gombe da ke Lawanti, Inna ta tako daga jirgi da ƙafarta. An yi aikin lafiya a Abuja, an sallame mu. Duk wanda ya kira bai same ni ba a makonni ukun nan ya yafe mini, har yanzu barci bai sake ni ba.

Kun san yadda ranar tafiyarmu ta kasance. Hazo ya rufe Gombe tun asuba, jirgi bai samu sauka ba, ga likita yana jiranmu washegari da safe. Tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya a sama, kilomita 400 da 'yan kai, a mota sai an bi Bauchi, Jos, Akwanga da Keffi, yini guda cur. Jikin Inna ba zai ɗauka ba. Da aka ce akwai jirgin yamma a Bauchi, Kawu bai tsaya shawara da kowa ba, ya juya motarsa. Tsakanin Lawanti da filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Balewa kusan kilomita 130 ne a miƙe, abin da jirgi zai shafe cikin minti 20, amma mu sai da muka haura awa biyu. Daga Alkaleri har gadar Dindima Inna ba ta ce uffan ba. Kanta na kan cinyar Goggo, ni kuma ina ta waiwaye ina duba ko mayafinta na motsi. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan hanya ba.

Muna isa aka ce kujera ɗaya ta rage. Ɗaya! Ta yaya zan sa Inna a jirgi ita kaɗai, ko tsayuwa ba ta iya yi? Na zauna a ƙasa kusa da kekenta, idona ya kawo ruwa. Sai wata Hajiya mai mayafi ruwan toka ta dubi Inna, ta dube ni, ta ce, “Ɗana, tashi ka raka mahaifiyarka. Ni saro kaya zan je, kaya kuwa ba sa gudu.” Da kanta ta je wurin ma'aikata ta ɗage tafiyarta, ta tsaya har aka rubuta mini tikiti. Na tambayi sunanta, ta ce in sa ta a addu'a kawai.

Hajiya, Allah Ya yaye miki duk abin da ya dame ki, Ya ba ki masu jin ƙanki ranar da ƙarfi ya ƙare, Ya jiƙan iyayenki, Ya sa Aljanna ce makomarki.

Kawu, na san ba ka son a faɗa, amma sai na faɗa: ko kuɗin mai ba ka karɓa ba. Goggon Kumo da ta bar 'ya'yanta ta biyo mu a mota har Abuja, da jama'ar masallacin unguwarmu da suka yi karo-karo, Allah Ya saka da mafificin alheri. 'Yan uwan da ke cikin Abujar kuwa, waɗanda ko leƙowa ba su yi ba, mun yi musu uzuri, ko da yake Inna ta tambaye su sau biyu.

Masu zuwa dubiya, don Allah a bari sai bayan la'asar. Wanda kuma ya san Hajiyar nan ya taimaka ya haɗa mu, Inna na son ta yi mata godiya da bakinta.