Abin da sakataren kwamitin muhalli ya tafi da shi

Takardar canjin wurin aikina ta fito, na kuma miƙa fayil-fayil ga wanda zai gaje ni. Sai dai akwai maganganun da takardar miƙa aiki ba ta ɗauka. Waɗanda muka zauna tare a kwamitin rage ɓarnar wuta da kayan ofis sun san yawancinsu. Na baya nake wa wannan rubutun.

An kafa kwamitin ne bayan umarni ya sauko cewa kowace ma'aikata ta gyara gidanta kafin ta fita yi wa jama'a wa'azin sauyin yanayi. Umarni ne mai kyau. A 2015 ƙasashen duniya suka amince da yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi, a shekarar kuma aka fito da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17, wanda na 12 ɗinsu ya ambaci sayayyar gwamnati ƙarara. Ni aka ba sakatare, wato mai yin aikin. Darakta ne shugaba, wato mai sa hannu.

Da farko mun tattara takardun kuɗin wuta, da littafin man janareta, da takardun fitar da kaya daga sito. Ashe ba a taɓa haɗa su kan teburi ɗaya ba. Sashen kuɗi yana biya, sashen gyare-gyare yana zuba mai, kowa yana ganin nasa kaɗai. Da muka haɗa lissafin sai ga shi a fili: na'urorin sanyaya ɗaki ne suka fi komai shan wuta. Yawancinsu tsofaffi ne masu aiki da gas ɗin R-22, wanda duniya ke kan hanyar daina amfani da shi ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal. Matatunsu sun toshe da ƙura, an saita su a maki 16 na ma'aunin Celsius, ƙofa a buɗe, ma'aikaci na zaune cikin rigar sanyi. Idan wuta ta ɗauke a tada janareta domin a ci gaba da hakan, alhali kowace lita ta dizal da aka ƙona tana sakin hayaƙin kabon kusan kilo 2.7.

Shawararmu ba ta da ado. A sa wa kowane bene mitarsa. A riƙa wanke na'urorin sanyaya a kan kari, a toshe kafofin tagogi, a tsayar da sanyi a 24. Duk ƙwan da ya mutu a maye shi da LED, wanda ke shan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutar da tsohon ƙwai mai zare ke sha, ko ma ƙasa da haka. Kuma a gyara ƙa'idar sayayya, a riƙa duba abin da kaya zai ci tsawon rayuwarsa, a daina kallon farashin ranar saye kawai. Na kawo misalin Japan, inda tun 2005 gwamnati ta nemi ofisoshi su tsaya a 28 da bazara, ta kuma sassauta wa ma'aikata sa kwat. Na kawo na Indiya, inda daga 2020 ake saita sababbin na'urori a 24 tun daga masana'anta.

Darakta ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam sakatare, duk wannan ba a ganinsa. Idan manya suka zo, me zan nuna musu, mita?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, sai a nuna musu takardar kuɗin wuta ta bara da ta bana."

Bai yi dariya ba. Shi faifan sola yake so a kan rufi, kuma kafin ranar 5 ga Yuni, ranar muhalli ta duniya, domin a yanka kirtani. Ba ni da rigima da sola. Rigimata ita ce jeranta aiki: ka rage abin da kake sha tukuna, sannan ka auna abin da ya rage, sannan ka sayi sola daidai da shi. Idan ka ɗora sola a kan ginin da ke zubar da wuta ta ko'ina, dole ka sayi babba fiye da buƙata, ko ka sayi ƙarama ka kashe ta da lodi. Mu ta biyun aka yi. An ba ɗan kwangilar da ya fi kowa araha aikin, aka jibge batura masu ruwan dalma a wani ɗaki marar taga a bayan sito. Duk mai gyaran sola ya san zafi ne ajalin irin wannan batir: an ƙera shi ne don yanayin da ke kusa da 25, kuma kowane ƙarin maki 8 zuwa 10 kan cinye kusan rabin rayuwarsa. Na rubuta haka a fayil. Na kuma rubuta cewa kuɗin ya fito ne daga kason manyan ayyuka, ba a ware ko kwabo ba a kason gudanarwa don wanke faifai ko duba batura. Darakta ya sa jan biro ya rubuta "an gani", shi ke nan.

An yi biki, an ɗauki hotuna, an buga su a mujallar ma'aikata. Sunana bai fito ba, ban kuma nema ba. Da baturan suka kumbura, janareta ya koma ruri kamar da, masu binciken kuɗi suka fara tambaya, sai takardar tuhuma ta sauka a teburina, wai kwamitin da nake wa sakatare bai ba da shawarar ƙwararru ba. An bar jaki ana dukan taiki. Abin da ya cece ni kwafin waccan takardar ne mai jan bironsa, wanda na ajiye a aljihun teburina. An janye tuhumar shiru, ba wanda ya ce a yi haƙuri, kuma rahoton aikina na wannan shekarar ya fito da "matsakaici". Saboda haka duk wanda aka ba irin wannan kujera, ya rubuta shawararsa, ya sa kwanan wata, ya riƙe kwafi. Ba rashin ladabi ba ne.

Abin da ya fi wannan zurfi, ba halin mutum ɗaya ba ne. Idan sashe ya rage kuɗin wuta, rarar ba ta zama tasa, sai ma a zabtare masa kaso a kasafin baɗi. Wane shugaba ne zai wahalar da kansa a kan haka? Muddin ba a bar wa sashe wani abu daga abin da ya tsimi ba, takardun "kashe fitila idan za ka fita" za su ci gaba da yin ƙura a bango.

Sauran darussan gajeru ne. Masu shara da masu gadi su ne na ƙarshen fita, su suka fi kowa sanin ɗakin da ake barin na'ura a kunne. A sa su cikin shirin tun farko. Saita na'urar buga takardu ta riƙa bugawa gaba da baya ya fi kowace lacca rage takarda, domin ba a roƙon kowa. Kwandunan raba shara ba su da amfani idan mota ɗaya ce ke zuwa ta haɗe komai. Dogayen fitilun da aka cire akwai sinadarin makuri mai guba a cikinsu, kada a jefa su bola, haka ma tsofaffin kwamfutoci.

Bene na biyu, inda shugabar sashen ta yarda muka gwada shawararmu ba tare da biki ba, shi kaɗai ne shan wutarsa ya sauka kuma bai sake hawa ba. Alƙaluman suna cikin fayil na uku, ga mai son dubawa. A cikin fayil na huɗu kuwa akwai sabuwar buƙatar sayen batura, irin na da, za a sa su a ɗakin da aka sa na da. Na bar ta ban sa hannu ba.